Tsakar da Ta Bi Jiragen Bayi

A shekarar 1818 wani tsohon hafsan sojan Faransa, Alexandre Moreau de Jonnès, ya buga ɗan gajeren bayani a mujallar wata ƙungiyar masana ta birnin Paris. A kan tsaka ya yi shi, irin wadda ke fitowa bayan magariba ta manne a bango, fara-fara mai ƙurji-ƙurji a gadon baya, wadda tsawonta har jela bai wuce santimita 12 ko 13 ba. Ya saba ganinta a gidajen tsibiran Karibiyan, inda ya daɗe yana aikin soja, don haka bai yi tantama ba cewa 'yar can ce. Ya ɗauki sunan da ya ji mutanen tsibiran suna kiran ta da shi, ya mayar da shi irin na masana: Gecko mabouia. Ashe 'yar Afirka ce. Yau shekara fiye da 200 ke nan, kuma da sunan nan ake kiran ta a littattafan kimiyya, ko a Kalaba aka kama ta, ko a Luwanda, ko a gaɓar kogin Zambezi inda danginta suka samo asali.

Mutumin kansa ya isa a tsaya a dube shi. An haife shi a 1778 a yammacin Faransa, ya shiga soja yana ɗan saurayi a zamanin juyin juya halin ƙasarsu, aka yi ta jefa shi daga wannan tsibiri zuwa wancan. Da Turawan Ingila suka ƙwace Martinik a 1809 suka kama shi, bai sake ganin gida ba sai 1814. Daga baya ya ajiye bindiga ya ɗauki alƙalami. Ya yi rubutu a kan macijin Martinik mai mugun dafi, ya yi a kan zazzaɓin shawara da kwalara, daga bisani gwamnati ta ɗora shi a kan ofishin ƙididdiga na ƙasa. A 1842 ya fitar da littafi sukutum a kan ƙididdigar bayi a ƙasashen da Turawa suka mallaka, da yadda za a kawo ƙarshen bautar. Wannan ne ya fi tsaya mini a rai. Mutumin da ya zauna ya jera lissafin bayi a takarda, shi ne kuma ya rubuta tsakar da ta biyo jiragensu a matsayin 'yar gida.

Kalmar mabuya ta mutanen Kalinago ce, waɗanda Turawa suka kira Karib, mazauna ƙananan tsibiran tun kafin zuwan Kolumbus. A wurinsu mabuya mugun iska ne, mai kawo ciwo da asara, har husufin wata shi ake ɗora wa, a ce shi ke cinye shi. Limaman Kirista da suka zauna a tsibiran cikin ƙarni na 17, irin su Raymond Breton da ya buga ƙamus na harshen a 1665 da Jean-Baptiste Du Tertre, su suka shigar da labarinsa cikin littattafan Turai. Sannu a hankali sunan ya sauka a kan halittu masu jan ciki da ido ya ƙi: kulɓa, da wata babbar tsaka 'yar asalin tsibiran mai kaurin jela. Da baƙuwa ta iso sai ta gaji sunan. Su masu kalmar kuwa, kafin Moreau ya rubuta ta an kusa gamawa da su. Faransawa sun kore su daga Martinik tun 1658. Ingila ta kwashe dubbai daga tsibirin Sent Binsent ta je ta zube su a Rowatan, kusa da Honduras, a 1797. Daga cikin ragowarsu a yau akwai 'yan dubbai a wani yanki da aka keɓe musu a Dominika. Moreau ya ce shi da kansa ya yi yaƙi a ɓangarensu a Sent Binsent a 1795, amma fa littafin da ya faɗi haka cike yake da labaran jarumta waɗanda sai an tankaɗe.

Wanda ya karanta ilimin dabbobi a jami'o'inmu kafin shekarar 2000 ya haddace kalmar nan ba tare da ya san aljani yake ambata ba. A 1826 Leopold Fitzinger na Austiriya ya sa wa wani gidan kulɓa suna Mabuya, aka yi ta cusa kulɓar duniya a ƙarƙashinsa, har da tamu mai shuɗiyar jela da ke gilmawa a gindin danga. Sai a farkon ƙarnin nan aka raba gidan, na Afirka suka koma Trachylepis. Kulɓa ta samu ta fita. Tsaka ba ta samu ba, kuma ba za ta samu ba, saboda ƙa'ida.

Ƙa'idar ita ce, tun daga littafin Linnaeus na 1758, sunan da aka fara bugawa shi ne suna, ko da wanda ya raɗa shi ya yi kuskure a kan asalin dabbar. Wasu sun zo bayan Moreau sun ga tsakar nan sun ɗauka sabuwa ce. Yarima Maximilian na Wied, Bajamushen da ya yi yawo a Birazil, ya ba ta suna a 1824, Johann von Spix ya ba ta nasa a 1825, Oskar Boettger ya sa wa wadda aka kawo masa daga Kalaba calabaricus a 1878. Duk an tattara an ajiye su gefe, na 1818 ya tsaya. Abin da ya canza shi ne sunan gida: a 1836 Duméril da Bibron na gidan adana halittu na Paris suka mayar da ita cikin Hemidactylus, wato masu rabin yatsa, saboda faifan da ke ƙarƙashin yatsunta a tsage suke gida biyu. Sannan tunda dole kowane suna ya kasance yana da wurin da aka jingina shi, kuma Moreau tsibirai kawai ya ambata a dunƙule, sai Leonhard Stejneger na Washinton ya zaɓi Sent Binsent a 1904. A takarda dai, mahaifar tsakar Afirka wani ɗan tsibiri ne da ke can tsallaken teku. Ni ban ga laifin ƙa'idar ba. Da babu ita da kowace ƙasa ta riƙe nata sunan, masana su kasa gane juna. Amma ya kamata mai karatu ya san cewa sunan kimiyya yana faɗin inda mai alƙalami ya tsaya ne, ba lallai inda dabba ta fito ba.

Da aka tara samfura da yawa a kwalabe a gidajen adana halittu na Turai, sai aka lura cewa tsakar Martinik da ta Riyo da ta Angola da ta Zanzibar kusan ba a iya bambanta su. Kuma danginta na kusa duk a Afirka suke. To yaya aka yi ta ƙetare Tekun Atalantika, wanda ko a inda ya fi ƙunci, tsakanin Afirka ta Yamma da kusurwar Birazil, ya kusa kilomita 3,000? Emil Goeldi, mutumin Suwizalan da ya shugabanci gidan adana halittu na Belem a bakin kogin Amazon, tun farkon ƙarni na 20 ya ce jiragen bayi ne suka kawo ta. Maganar ta zauna wa mutane da yawa, har 1969, lokacin da Arnold Kluge na Jami'ar Mishigan ya fitar da dogon nazari yana cewa a'a. Ya auna ɗaruruwan samfura, ya ƙirga ɓawon jikinsu da ƙurajen bayansu, ya ce da ƙafarta ta zo, wato a kan tarkacen itatuwa da ambaliya ta kwaso daga kogunan Afirka, igiyar ruwa ta tura su yamma, tun kafin a ƙera jirgi.

Kada mai karatu ya yi masa dariya. Birai da wasu dangin ɓera na Kudancin Amurka, masana sun yi ittifaƙi cewa daga Afirka kakanninsu suka ƙetara ta wannan hanya, shekara miliyan 30 zuwa 40 da suka wuce, lokacin teku bai kai faɗin yau ba. A 1995 ma, bayan guguwa biyu sun ratsa Karibiyan, masunta a tsibirin Angila sun ga tulin itatuwa ya iso gaɓa ɗauke da manyan ƙadangarun iguwana aƙalla 15, waɗanda suka yi tafiyar kusan kilomita 300 a kan ruwa. Abu ne da ke faruwa. Tambayar ita ce ko ya faru da wannan tsakar.

Amsa ta zo daga ƙwayoyin gado da ake kira DNA. Idan dangi ɗaya ya rabu gida biyu, kowanne yana tara 'yan canje-canje a ƙwayoyin gadonsa, kuma gwargwadon daɗewar rabuwa gwargwadon yawan bambanci. A 2006 Salvador Carranza na Basalona da Nicholas Arnold na Landan suka gwada tsaka iri-iri na gidan Hemidactylus. Suka tarar Kluge yana da rabin gaskiya: akwai wasu nau'o'i a Kudancin Amurka, irin su palaichthus da agrius, waɗanda lallai kakanninsu sun ƙetara da kansu miliyoyin shekaru da suka wuce, sun daɗe har sun zama wasu daban. Amma mabouia ba ta cikinsu. Ta Birazil da ta Karibiyan da ta wurare da dama a Afirka kusan abu ɗaya ne, babu bambancin da zai nuna daɗewa. Jiya-jiya ta zo, a lissafin halitta, kuma mutum ne ya ɗauko ta.

A 2021 Ishan Agarwal da Luis Ceríaco da Aaron Bauer da abokan aikinsu suka faɗaɗa binciken, da samfura daga wurare sama da 120 a Afirka da Madagaska da Amurka. Abin da suka gano ya fi wanda suka je nema. Wadda aka shekara 200 ana kira da suna ɗaya, ashe nau'o'i ne da za su kai 20. Gidan ya samo asali ne a yankin Zambezi, kuma 14 daga cikinsu suna dazuzzukan miyombo na kudu maso gabashin Afirka, kowanne a ɗan yankinsa, a kan duwatsu da kututturan itace, ba ruwansu da yawo. Ɗaya ce tak ta koyi zama da mutum, kuma ita ce ta cika garuruwan Afirka ta Tsakiya da ta Yamma, ita ce duk wadda aka samu a Amurka. Masu binciken suka ce mai yiwuwa cinikin bayi da zirga-zirgar jirage su suka ba ta hanya.

Sun ce mai yiwuwa ne domin ba kyaftin ɗin da ya rubuta tsaka a littafin kayansa. Amma duk wanda ya karanta yadda jirgin bayi yake, ya san ba a taɓa ƙera abin hawan da ya fi dacewa da ita ba. Jirgi ba ya zuwa ya ɗauka ya juya a rana ɗaya. Yakan yi watanni a bakin gaɓa yana jiran a cika masa adadi, kwale-kwale suna kai da kawowa. Ana loda gangunan ruwa ɗaruruwa, da itacen girki, da doya, da shinkafa, da masara, da garin rogo, da tabarmi, duk daga rumbuna da bukkokin bakin teku inda tsaka ta riga ta yi gida. A cikin jirgin akwai ɗumi, akwai duhu, akwai ƙuda da kyankyaso ba iyaka, domin an cusa ɗaruruwan mutane a ƙasan bene cikin ƙazanta. Abin da ke kashe mutanen shi ke ciyar da ita. Ko uwar ta mutu, ƙwanta ya isa. Biyu take yi a lokaci guda, farare masu taurin ɓawo kamar na tsuntsu, ta ɓoye su a tsagar katako ko ƙarƙashin ɓawon itace, sau da yawa mata da dama a rami ɗaya. Ba sa bushewa da sauri, kuma kafin su ƙyanƙyashe sai wata ɗaya zuwa biyu. Daga Luwanda zuwa Resife kwana 35 ne a lissafin Turawan Fotugal, zuwa Bahiya 40, zuwa Riyo 50. Ƙwan da aka yi a Angola a Birazil zai fashe.

Sai a ninka wannan. Tafiye-tafiyen jiragen bayi da aka samu rubutacciyar shaidarsu sun haura 35,000. Mutum kusan miliyan 12.5 aka loda daga Afirka cikin shekara kamar 350, kimanin miliyan 10.7 suka isa da rai. Birazil kaɗai ta karɓi kusan miliyan 5, mafi yawansu daga tashoshin Angola da Kongo, kuma ba ta rufe ƙofa ba sai 1850. Tarkacen ambaliya na iya ƙetare teku sau ɗaya a dubban shekaru. Jirgin bayi kuwa kowane mako yana tashi.

Akwai ta biyu, wadda ta fi kusa da mu. Ita mabouia a Nijeriya an fi samunta a garuruwan kudu. Wadda ta fi yawa a gidajen Afirka ta Yamma, har cikin ƙasar Hausa, sunanta Hemidactylus angulatus, wadda wani likitan Filadalfiya, Edward Hallowell, ya raɗa wa suna cikin shekarun 1850. A 1901 wani Bajamushe mai suna Meerwarth ya bayyana wata tsaka daga Haiti, ya kira ta haitianus. Shekara ɗari ana lissafa ta cikin dabbobin asali na Haiti da Kyuba da Fotoriko. A 2007 Andrew Weiss da Blair Hedges suka gwada ƙwayoyin gadonta, suka tarar daga Afirka ta Yamma ta fito, kuma ba da daɗewa ba. Kuskure iri ɗaya, sau biyu, a teku ɗaya.

Ba ina cewa tsakar Birazil daga Kano ta taso ba. A bakin teku ake lodi, ba ta bi ayari ba. Amma mutanenmu sun bi hanyar da ta bi. Bayan jihadin 1804 da yaƙe-yaƙen da suka biyo baya, an yi ta gangarar da kamammu zuwa Legas da Badagiri da Wida da Fotonobo, da yawansu aka sauke su a Salbado, babban birnin Bahiya. Hausawa ne suka shirya tawayen da aka bankaɗo a can a 1807, suna gaba-gaba a na 1809 da na 1814, sannan a watan azumi na Janairun 1835 aka yi babban tawayen Musulmi, wanda yawancin masu shi Yarabawa ne. Tunda Wied da Spix sun tarar da tsakar nan a Birazil a daidai wannan zamani, Bahaushen da ya kwanta a ɗakin bayi a Salbado ya ɗaga kai ya ga abin da ya sani a bango, wanda yake da sunansa a harshensa. Akwai wani Bafaranshe, Francis de Castelnau, masanin dabbobi ne kuma ƙaramin jakada a Bahiya, wanda ya zauna da bayi Hausawa ya yi musu tambayoyi, ya buga amsoshinsu a 1851. Sun ba shi labarin garuruwa da hanyoyi da koguna. Shi kuwa babban abin da ya dame shi shi ne ko gaskiya ne akwai mutane masu wutsiya a tsakiyar Afirka.

Wani abin da ya ƙetare tekun ta kowane ɓangare shi ne ƙiyayya. A gidan da na tashi, in aka ga tsaka a kusa da randa, ruwan nan ya tashi daga na sha, sai dai a yi wanki da shi. Kakata, wadda muke kira Iya, ba ta kwanciya sai ta bi tukwane da ƙore ta kifa musu faifai, ta ɗora dutse a kan na nono. In ka tambaya ta ce, "Kai yaro, kuturta kake nema?" Hadisan da suka zo a Bukhari da Muslim a kan kashe tsaka, da labarin hura wutar da aka jefa Annabi Ibrahim, Alaihis Salam, duk ɗan Islamiyya ya san su, kuma wannan fage na malamai ne. Abin da ya ba ni mamaki shi ne yadda waɗanda ba su taɓa jin hadisin ba suka tsane ta su ma. A karkarar Birazil, inda ake kiran ta lagartisha, ana cewa in ta bi ta kan tufa tana sa wasu ƙuraje masu raɗaɗi da ke zagaye jiki. A tsibiran Karibiyan ana tsorata yara cewa in ta faɗo ta manne a fata ba ta sakewa.

Ita dai ba ta da dafi. Kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda likitan Nowe Armauer Hansen ya gano a 1873, kuma ƙurajen da ake faɗa a Birazil ƙwayar ƙarambau ce ke farfaɗowa a jikin wanda ya taɓa yi. Mannewar ma ba da wani danƙo take yi ba. Gashi ne ƙanana ainun, dubbai a kowane yatsa, kuma tana ɗaga su a duk takun da ta yi. Sai dai Iya ba ta yi asarar faifanta ba. Binciken da aka yi a Nsukka cikin shekarun 1980 ya samu ƙwayar salmonela, mai sa gudawa da zazzaɓi, a hanjin tsakar gida. Kashinta a ruwan sha ko a fura abin gudu ne. Sunan ciwon ne Iya ta saɓa, rufe randa kuwa daidai ta yi.

Da a ce bazuwar tsakar nan ta tsaya a zamanin bayi, da ta zauna a tashoshin jiragen ruwa da tsoffin unguwanni. Ƙarni na 20 ne ya ba ta abu biyu da suka fi jirgin bayi. Na farko ƙwan lantarki. A duhun daji sai tsaka ta yi farauta, amma fitilar da aka kunna a farin bango tana tara mata ƙwari wuri ɗaya, wanda ya fi sauri da ƙarfin hali shi ke cinyewa. Kenneth Petren da Ted Case sun gwada wannan a Hawayi cikin shekarun 1990, a tsoffin rumfunan jiragen yaƙi, da wata 'yar uwarta ta Asiya mai suna frenatus: in babu fitila tana zaune lafiya da tsakar da ta tarar, da an kunna sai waccan ta fara ramewa. Na biyu kuma babbar mota da kwantena da cinikin dashe. Tukunyar fure ɗaya mai ƙwai biyu a gindinta ta isa ta kafa zuriya a sabon gari. Haka ta bi titi ta shiga cikin Birazil har Amazon, ta isa Faraguwai da Ajantina da Yurugai, ta haura Amurka ta Tsakiya, har an same ta a tsibirin Madera na Fotugal. A Birazil ta ma fara barin bango tana shiga daji da duwatsu. Mutanen Kuritiba dai suna da dalilin yi mata uzuri, domin an nuna tana cin wani gizo-gizo mai ruwan ƙasa da cizonsa ke ruɓar da fata, wanda ya addabi birnin.

A ƙasar Amurka kuwa an fara ganin ta a 1990, a wani ɗan tsibiri mai suna Crawl Key a kudancin Fulorida. Ta tarar da baƙi biyu sun riga ta: wata daga Bahar Rum da ta sauka tun farkon ƙarni na 20, da wata daga Asiya mai suna garnotii, wadda duk mata ne, suna haihuwa ba tare da namiji ba. Walter Meshaka ya bi gine-ginen gandun Everglades shekara bayan shekara yana ƙirgawa, ya ga yadda ta Afirka ta ture su daga bango ɗaya bayan ɗaya. Wannan bai dami kowa ba, baƙo ne ya kori baƙo. Inda abin ya yi muni shi ne ƙananan tsibirai masu tsakarsu ta asali wadda babu ita ko'ina a duniya. A Kurasawo da Boner ta kori 'yar gida daga gine-gine zuwa jeji. A Barbados akwai wata mai yatsu kamar ganye, Phyllodactylus pulcher, wadda aka ɗauka ta ƙare har sai da aka sake ganin ta a 2011, a maƙale a duwatsun bakin teku, baƙuwa ta cinye sauran ƙasar. Masu kula da ita sun haɗu da ƙadangaren bakin tulu: duk gubar da za ta kashe baƙuwar za ta kashe 'yar gida, ga su iri ɗaya a abinci da maɓoya. Abin da suka iya shi ne killace wani fili da shinge, su tsince baƙin da hannu.

A ganina, abin da ya fi nauyi a duk labarin nan shi ne nau'o'in nan 19 da suka zauna a gida. Guda ɗaya da ta bi jirgi an rubuta mata ɗaruruwan takardu a Fulorida da Riyo, an san abin da take ci da ranar da take ƙwai. 'Yan uwanta da ba su je ko'ina ba, shekara 200 suna ɓoye a ƙarƙashin sunanta domin ba wanda ya durƙusa ya duba su da kyau. Mai kare halittu ba zai iya kare abin da ba shi da suna ba, kuma in aka sare dajin miyombo aka yi gawayi da shi, wasu za su tafi ba a taɓa sanin an yi su ba.

Wannan aiki bai ƙare ba a Afirka ta Yamma ma. A 2014 Philipp Wagner da Adam Leaché da Matthew Fujita suka sake duba wata tsakar daji da ake ɗauka nau'i ɗaya ce, suka fitar da sababbi daga cikinta. Ɗaya suka sa mata kyaboboensis, da sunan wani gandun daji a Gana. Wata suka sa mata eniangii, don karrama Edem Eniang, masanin dabbobi ɗan Nijeriya da ya daɗe yana aiki a dazuzzukan Kuros Riba. Waɗannan duk daga kurmi ne. Malaman ilimin dabbobi da ɗalibansu a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri da Maraɗi da Damagaram, ga duwatsu, ga tsoffin soraye, ga rumbuna. Kayan aikin farko ba su wuce tocila da kwalba da littafin rubuta wuri da kwanan wata ba. A fita a duba.